Igiyar Kwandasta

Yayana,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya. Yaya zafin walda, yaya kuma duwatsun nan naku da ko sabis ɗin waya ya ƙi hawa? Ni lafiyata lau, sai dai gajiyar aji, yara sun ƙi barin muryata ta huta. Goggo tana gaishe ka. Baba kuma da sauƙi.

Na ce da sauƙi ne don kada gabanka ya faɗi tun daga farko. Baba ya faɗi a titi. Ka san tun da ya ajiye tuƙin bas ba ya fashin fita da safe shi da karen nan nasa, Kwandasta. To sun kai daidai rumfar mai faci sai kyanwa ta gilma, Kwandasta ya zabura, Baba kuwa ya naɗe igiyar a hannu. Sai ga shi a ƙasa a bakin kwata. Mai faci da mai kanti ne suka tallafo shi zuwa gida. Ƙashin wuyan hannunsa na dama ya tsage, an ɗaure. Likita ya ja ni gefe ya ce a shekarun Baba, in aka sake, ƙila ƙugu ne, kuma wanda ƙugunsa ya karye a wannan shekarun ba kasafai yake tashi ba.

Washegari Goggo ta iso da hukuncinta a hannu, wai a fitar da karen. Na ce ai ana iya koya masa tafiya a hankali. Ta ce, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa ya riga ya bushe." Baba bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Ranar da karen nan ya bar gidan nan, ku haɗa masa da takalmana, don ba ni da sauran amfani da su."

Yaya, ka san Baba ba ya magana biyu. Tun rasuwar Umma fitar nan ce kaɗai ke tashinsa daga kujera. In ya daina ta, ina tsoron abin da zai biyo baya. Shi ya sa na roƙi Goggo ta ba ni lokaci har hannun ya warke. In an kwance ɗaurin karen yana nan yana ja, ta yi yadda ta ga dama. Ta yarda.

Sai da ta tafi na tuna ni ko kan karen nan ban taɓa shafawa ba. Ka taɓa ce min akwai mai kula da karnukan gadi a wurin aikinku. Don Allah ka tambayar min shi, ka aiko da amsa ta hannun direban siminti.

Taka,
Auta

*

Auta,

Na amsa sallamarki. Ina lafiya, aikin madatsar ruwa yana tafiya, sai dai ba ya ƙarewa. Labarin Baba ya hana ni cin abinci ranar da ya iso. Ki yi masa sannu, ki ce na ce direban da bai taɓa faɗawa rami da bas ba, yau ga shi kwandasta ya kayar da shi.

Na sami Mai Karnuka, na zauna da shi har shayinsa ya huce. Ya ce kare ba don mugunta yake ja ba. Duk lokacin da ya ja yana isa inda yake so, don haka ja ya zama masa kuɗin mota. Aikinki shi ne ki nuna masa wannan kuɗin ya daina karɓuwa.

Da farko ki cire masa sarƙar wuyan nan. Ki sa a ɗinka masa ɗamara mai faɗi ta ƙirji, ki ɗaura igiyar a nan, kuma kada ki kuskura ki naɗe ta a hannu kamar Baba. Da zarar igiya ta miƙe, ki tsaya cak kamar falwaya. Kada ki ja shi baya, kada ki yi tsawa, na san malamai da tsawa. Ki jira. Zai gaji ya waiwayo, igiyar ta saki. A wannan lokacin ki yaba masa, ki ba shi ɗan abin taɓawa daidai gwiwarki, sannan ku ci gaba. Ya sake ja, ki sake tsayawa. Ki fara a tsakar gida inda babu abin ɗauke hankali, sai ƙofar gida, sai titi. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi mai yawa rana ɗaya. In ya yi tafiya mai kyau, ki bar shi ya shinshina abin da yake so, wannan ma lada ne a wurinsa.

Ya ce kwanakin farko za ki ji kamar ke ake horarwa, kuma gaskiya ne.

Direba yana ta danna min hon. In abin ya gagara kada ki kashe kanki, Mai Karnuka ya ce akwai wurin ajiye karen a nan.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Hannun Baba ya rage kumburi, yana iya motsa yatsu.

Na karanta layinka na ƙarshe har na haddace shi. Wato kai ma layin Goggo kake? Ni ina nan ina fama, kai har ka nema wa karen masauki. Ban karanta wa Baba wannan layin ba. Na miƙa masa takardar da farko, ya jujjuya ta ya dawo min da ita, wai rubutunka kamar tonon kaza, in karanta masa. Da na zo wurin sai na tsallake. Ya yi dariyar maganar bas sosai.

Bari in ba ka labarin horo, ko da yake ba ka cancanta ba. Tela ya ɗinka ɗamarar daga tsohon bel ɗin kujerar mota. A tsakar gida komai ya tafi daidai, har na fara jin kaina. Ranar da muka fita titi kuwa, na sha kunya. Taku kaɗan sai ja, sai in tsaya. Shi yana ta haƙilo gaba, ni ina tsaye ƙiƙam, mutane suna ratsa mu. Mai faci ya leƙo daga rumfarsa ya ce, "Malama, motar ta mutu ne? In zo in tura?" Tun daga ranar kullum sai ya tambaye ni ko an samu batir.

Abin taɓawar da ya fi so busasshen kifi ne, don haka yanzu aljihun jakata ƙarni yake. Shugabar makarantarmu ta shigo ajina tana buɗe hanci, ta sa yara suka duba ƙarƙashin benci. Ni ma na taya su nema.

Amma Yaya, akwai wata safiya. Ya ja, na tsaya, na shirya jiran da na saba. Sai kawai ya juyo ya dube ni, ya dawo da kansa ya tsaya a gefen gwiwata, igiyar ta sauko ta yi lilo. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Na durƙusa a bakin titi na riƙe kunnuwansa ina ce masa yaron kirki, ni da na ce ba zan taɓa shi ba. Tun daga nan abin yake ta gyaruwa.

Baba ne ban gane masa ba. Yakan zauna a ƙofar gida in za mu fita, amma ba ya kallonmu, sai ya karkatar da kai yana saurare. Bai taɓa ce min sannu ba. Abin da yake tambaya kawai shi ne, "Har yanzu yana ɗan dakatawa kafin ya tsallaka kwata?" Ina ganin zaman gida ne ya ishe shi. Jiya ma ya zuba shayi a gefen kofi, ya ce hannun hagu ba ya jin magana.

Ka rubuto, ko da faɗa ne.

Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki dai muna da ita. Motar siminti ta zo ta koma, ta sake zuwa, ba takardarka. In fushi kake da abin da na rubuta, ka yi haƙuri ka ajiye shi gefe, don yau ina bukatarka.

An kwance wa Baba ɗauri. Goggo ta zo ganin gwaji, na zagaya da Kwandasta a gabanta har rumfar mai faci na dawo, igiya a sake, yana tafe a gefena kamar ɗan makaranta. Goggo ta taɓe baki ta ce to, ta gani. Na ji kamar in yi tsalle.

Da safe na miƙa wa Baba igiyar. Ya sa hularsa, ya sa takalmi, suka fita. Ina daga ƙofa ina kallo. Bai yi nisa ba sai ya rage tafiya, sannan ya tsaya. Kwandasta ma ya tsaya, ya zauna a gefen ƙafarsa yana kallon fuskarsa, kamar yadda na koya masa. Baba ya girgiza igiyar ya ce, "Mu je mana." Karen ya tashi, ya jira Baba ya yi gaba. Baba bai yi ba. Haka suka tsaya a tsakiyar hanya kowa yana jiran kowa, har mai keke ya kauce musu.

Baba ya juyo ya dawo yana dafa katanga. Da ya zo wucewa ta gabana ya sakar min igiyar a hannu ya ce, "Kun lalata min kare."

Tun ranar bai sake fita ba. Takalman suna nan a bakin ƙofa inda ya cire su. Abinci ma sai na yi da gaske. Karen yakan ɗauko ɗamararsa a baki ya ajiye a gabansa, shi kuwa sai ya kau da kai.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Na tashi da sassafe kullum, na sha dariyar unguwa, na yi duk abin da aka ce, ƙarshe an gudu ba a tsira ba. Me na yi ba daidai ba? Ka tambayi mutumin naka. In kuma ka gaji da mu ne, ka faɗa min in sani.

Auta

*

Autar Umma,

Ina lafiya, kuma ba fushi nake ba. Ruwa ne ya cinye gadar da ke tsakaninmu da babban titi. Motoci suna sauke kaya a tsallake su juya, takardunki biyu suka kwana a aljihun direba sai jiya suka iso tare. Wancan layin kuma, gaggawa ce ta sa na rubuta shi a gajarce. Ke nake tausayi, na ga ga aji, ga gida, ga jinya. Ban taɓa son a raba Baba da karensa ba. Ki yafe min.

Ba ki yi kuskure a horo ba. Na karanta wa Mai Karnuka, ya ce in kin gaji da koyarwa ki zo ya ba ki aiki.

Amma da na jera takardunki biyu na karanta a zama ɗaya, jikina ya yi sanyi. Auta, rubutuna bai canza ba. Baba ne ya riƙe hannuna ya koya min shi, kuma duk takardun da na aiko a baya da kansa yake karantawa, har ya gyara min kuskure. Mutumin da ke karanta lambar mota tun tana nesa, yau shi ne yake miƙo takarda? Ya zuba shayi a gefen kofi. Yana saurarenku maimakon ya kalle ku. Yana tambaya ko karen yana dakatawa a bakin kwata. Ya dawo gida yana dafa katanga. Ni ma ina fata in zama na yi kuskure.

Kafin ki ce masa komai, ki gwada abu ɗaya. Ki fita da Kwandasta, ki rufe idonki, ki ga abin da sakakkiyar igiya za ta gaya miki. Daga nan ke kika fi ni sanin yadda ake shiga wurin Baba. Kada dai ki yi a gaban Goggo.

Ina nan zuciyata tana wurinku.

Yayanki

*

Yaya,

Na gaishe ka. Komai ya wuce tsakanina da kai, ni ce ma zan ba ka haƙuri.

Na gwada. Na rufe ido a ƙofar gida, igiya a hannuna. Yaya, babu komai a cikinta. Kamar ka riƙe zaren da ba a ɗaura wa komai ba. Ban san ina kwata take ba, ban san ina karen yake ba, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Ni da na san ina buɗe ido zan ga hanya, sai da gumi ya karyo min.

Na shiga na same shi a kujerarsa, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Na ce, "Baba, tun yaushe?"

Ya ce, "Tun yaushe me?"

Na ce, "Idon."

Can ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Na ce Yaya ne.

"Wanda ke bayan duwatsu?" Sai ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ya sa hannun riga ya share fuska. Ni kuwa kunya ta kama ni, ina gida ɗaya da shi ban lura ba. Ya lalubo kaina ya dafa ya ce, "Ba ke ce ba ki gani ba, ni ne na iya ɓoyo."

Ya ce ganin gefe da gefe ne ya fara tafiya, har ya zama kamar yana leƙe ta cikin bututu. Daga baya ƙasa ma ta ɓace masa, ba ya ganin inda zai sa ƙafa. Kwandasta kuwa ya haddace hanyarsu. In igiya ta miƙe, Baba yana jin kwana a hannunsa, yana jin inda karen ya dakata, yana jin inda ya hau da inda ya sauka. Ya ce, "Ni direba ne, Auta. Rayuwata duka a tafin hannu nake jin titi. Da ina da sitiyari ba birki, shi ya sa na faɗi. Ke kuma kin sa min birki mai kyau, sai kika cire sitiyarin."

Na ce me ya hana shi faɗa. Ya ce, "In na faɗa, Goggonku za ta zaunar da ni a ɗaki, a riƙa kawo min ruwa ana yi min sannu."

Mun je asibitin ido. Hawan jinin ido ne. Likitar ta ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a yi ƙoƙarin tare saura da maganin ɗigawa, kuma ba ta yi alkawarin zai tsaya ba. Goggo ta yi kuka, ta share hawaye, ta ce yanzu ne ma ya zama dole karen ya tafi. Ni na tanka mata, karo na farko a rayuwata, kuma ban ji daɗin yin hakan ba.

Ga abin da nake tunani. Ba zan mayar da shi mai fizga ba, birkin nan zai zauna. Abin da nake so shi ne ya riƙa tafiya ɗan gaba kaɗan, a natse, Baba yana jin motsinsa. Igiya ba za ta iya wannan ba, ko ta miƙe ko ta saki. Ana bukatar abu mai tauri, mara nauyi. Kai ne mai walda.

Taka,
Auta

*

Auta,

Ina lafiya, ina gaida kowa. Ga shi nan a cikin kwali. Bututun alminiyam ne na lanƙwasa, ƙugiyoyin biyu za su kama ɗamarar ta hagu da dama. Na naɗe mariƙin da roba don kada ya zame masa. Mai Karnuka ya ce da igiya doka ɗaya, da mariƙi wata dokar, kare yana iya rarrabewa in ba a gauraya masa ba. Ya ce wannan karon Baba ne zai riƙe, shi zai ba da kifin, ke kina gefe. Hanyar da suka saba kawai, ban da tsallaka babban titi.

Na yi ta goge mariƙin har abokan aiki suka fara tambaya ko na amarya ne. Na nemi hutu, sun ce sai an gama zubin kankaren da ake yi.

Yayanki

*

Injiniya,

Ni ne mahaifinka. Ni ke faɗa, Auta ke rubutawa, kuma na ce mata kada ta tsallake ko kalma ɗaya, don na gano tana da wannan halin. Ina gaishe ka, ina sa maka albarka. Jikina lafiya. Maganin ido yana da zafi, amma ina ɗigawa.

Sitiyarinka ya iso. Ya ɗan yi tsawo, mai faci ya rage min shi, kada ranka ya ɓaci. Ban da wannan, aikin ya yi kyau. Hannuna ya gaya min ba a gaggauce aka yi shi ba.

Mun sha fama. Kwanakin farko Kwandasta ya rikice, yana ta neman gwiwar Auta, ni ina ta neman hanya. Ashe koyo da tsufa akwai wuya, ga ni ga shi duka. Amma yanzu in ya ji mariƙi a bayansa sai ya shiga gaba ya ɗauki giya ɗaya, ba ya ƙarawa. In na tsaya ya tsaya. A bakin kwata yana jira sai ƙafata ta taɓa gefen. Rannan kyanwar nan ta sake gilmawa, Goggonku tana tare da mu. Na ji jikinsa yana rawa har cikin tafin hannuna, amma bai motsa ba. Washegari sai ga Goggonku da ƙullin kifi, wai ragowa ne. Ta janye ƙara ke nan.

Yanzu ina fita ni kaɗai. Wato haka aka ce min. Ƙanwarka tana bina a baya daga nesa, tana tsammanin ban san ƙarar silifas ɗinta ba. Rubuta, Auta, na ce kada ki tsallake. Na ce mata kun lalata min kare, wannan magana na janye ta. Yarinyar nan ta yi min abin da ban san yadda zan gode mata ba, shi ya sa nake faɗa maka, ita kuma ta ji.

Hanyar tamu mun ɗan ƙara mata tsawo, yanzu tana kaiwa har inda bas ke sauke mutane, kuma duk a gefenmu ne, ba tsallaka titi. In an ba ka hutun, kada ka ja lokaci, don likita ba ta ɓoye min komai ba. Ka aiko da ranar. In ka sauka kada ka nemi abin hawa, kada ka kira kowa. Ka tsaya a wurin, ni zan zo in tarye ka. Ka tsaya inda rana take, ka sa farar riga. Fari ne ban daina gani ba tukuna.

Mahaifinka